Malam Sabi'u ya tafi bai ce in sayar ko in riƙe ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni, wai Malam Sabi'u ya rasu. 

Ga wanda bai san shi ba, tsohon malamin makaranta ne a nan Daura. Tun da ya yi ritaya, duk Asabar muke taruwa a zaurensa, mu miƙa masa wayoyinmu ya duba mana kasuwar hannun jari. Ko sisi bai taɓa karɓa ba, shayi ma shi ke ba mu.

Ni gyaran janareta nake yi. Da fetur ya yi tsada, kowa ya koma sola, sai in wuni ina korar ƙuda a shago. Na kai masa kuka, ya yi dariya ya ce, "Injiniya, abin da ya cinye maka kasuwa, ai sai ka nemi rabonka a cikinsa."

Haka na sayar da gonar da na gada a Dutsi, na sayi hannun jarin wani kamfanin sola. Bai so ba, wallahi. Cewa ya yi in sa kaɗan tukuna, ni ne na yi kunnen ƙashi.

Kullum sai ya ce, "Zauna in koya maka karanta abin nan, ɗana."

Ni kuma in ce, "Ga ka ai, Malam, me zan yi da ciwon kai?" Abin da na iya kawai launin farashi a waya: kore alheri ne, ja masifa ce.

Yau sati uku ke nan ja nake gani.

Shekaranjiya muka haɗu bayan la'asar, yana tafe a hankali. Na nuna masa wayar. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, ya ce, "Akwai abin da na karanta a kan kamfanin nan. Kada ka taɓa komai, zo Asabar mu zauna."

Alheri ya karanta ko akasinsa? Ban sani ba. Ban kuma san wanda zan tambaya ba.

Tsoro nake ji, jama'a. Gonar ta tafi, shagon ba ciniki, yara biyar a gida. Kunya ma nake ji, mutum yana kwance a makara ni ina tunanin farashi. Amma shi da ya san ni, na san ba zai ga laifina ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a.

In kun gama, ku sa mu ma a ciki, mu da muka miƙa waya muka ƙi koyo.