Kogin da Kaka Ta Tsayar a Damasak

Ban tabbata shekaruna nawa ba a lokacin, amma ina firamare, muna haya a Kwali. Baba direba ne, yana ɗauko bandar kifi daga bakin Tafkin Chadi ya kawo Abuja. A shekarar da hanyar ta lalace saboda tashin hankali, Baba ya tafi, wayarsa ta daina shiga.

Kaka, mahaifiyarsa, 'yar Gashuwa ce, kuma Baba ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane. Inna, mahaifiyarmu, takan fita bakin titi ta tare direbobi tana tambaya, ita kuwa Kaka tana zaune gaban murhu tana juya doya a garwashi, kamar ba abin da ya faru.

A kwanakin nan ta fara mana wata tatsuniya bayan magariba.

"Maigidana, matso," in ji ta, don haka take tsokanata. "Ga ta nan tafe da ruwa."

Wai Kogi ne ya taso daga duwatsun ƙasar Kano zai je gaida uwarsa Chadi. Kullum gari ɗaya take kai shi, ta tsaya. A Haɗeja ciyawar fadama ta riƙe masa ƙafa har ya rarrabu ya rasa hanya. Kafin Gashuwa ya haɗu da ɗan'uwansa da ya gangaro ta Jama'are, suka zama ɗaya. A Gaidam yashi ya shanye rabinsa, ya wuce a rame.

"Ruwan da ya sauka a Kano da damina," in ji ta, "sai an gama girbi yake isa can. Mai gaggawa ya ce ya mutu a hanya. Ƙarya ne, tafe yake."

Da ya kai Damasak, saura kaɗan ya faɗa tafki, sai tatsuniyar ta ƙi gaba. Yau ya tsaya shayar da shanu, gobe masu noman tattasai sun roƙe shi ya kwana. Ni da ƙanena muka gaji.

"Kaka, ki kai shi mana!"

Inna tana wanke-wanke, ta ajiye kwano da ƙarfi. "Iya, ki kai shi ko ki ce ya ƙafe. Yaran nan ba sa barci."

Kaka ta daɗe tana kallon wuta. Doya ta ƙone, ba wanda ya taɓa ta.

"In na kai shi, 'yar nan, wa ya taɓa ganin ruwa ya fito daga tafki ya dawo?"

Inna ta rufe fuska da mayafi. Ranar na fara zargin ba labarin ruwa ake yi ba.

Baba bai dawo ba, ba mu kuma sami wanda ya ga gawarsa ba. Kaka ta rasu Kogi yana Damasak.

Na daɗe ina ɗauka haƙuri take koya mana, wataƙila ma hakan ne. Amma yanzu, in ban yi kuskure ba, ina ganin uwa ce da al'ada ta hana ta kuka, ta samo hanyar yin maganar ɗanta kullum a gaban kowa. A jami'a na zana kogin nan tun daga tushe har tafki, na ci jarrabawa. Duk da haka, in aka tambaye ni ko mahaifina yana da rai, har yau cewa nake yi yana hanya.