Biro Mai Kaurin Ƙota

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Tun ina rarrafe "kai" nake amsawa. Da na buɗe rumfar gyaran injin ban-ruwa a bakin titin Kura, na kafa allo da sunana ɓaro-ɓaro, sai aka yi mini ƙarin girma na koma "kai makanike". Alkunya ce, kowa ya sani. Amma abin yana sosa mini rai, balle in na ji yana ƙwala wa ƙannena kira daga tsallaken kanal, har da laƙabi.

Shekarar da wayar salula ta fara shigo mana, Baba ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba ƙishin ilimi ya kai shi ba. Amininsa ne, maƙwabcinsa a gonar tumatir, ya riga shi shiga, ya dawo yana sa hannu a takarda yana karkata hula, Baba kuwa har yanzu sai dangwala yatsa. Wannan ne ya sa Baba ya rantse ba zai zauna yana kallo ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta ba shi matsala ba. Baƙaƙen ya haddace su tas, yana zana su da sanda a jiƙaƙƙiyar ƙasar gona. Hannun ne ya ƙi. Yatsun da suka tsufa a kan fartanya sun ƙage daidai kaurin ƙota, ba sa rufuwa a kan abu siriri. In ya riƙe biro ya sulluɓe, in ya matse ya fasa shi. Ranar nan ya dawo ya cilla littafinsa kan rumbu, ya ce shi ya gama. Ƙarshen wata kowa zai fito ya yi rubutu a gaban aji, shi kuwa ba za a yi masa dariya da furfurarsa ba.

Na ce, "Baba, in aka yi maka biro mai kaurin ƙota fa?"

Ya ce, "Kai makanike, injin mutane ma in ka gyara, kafin mai shi ya isa gona ya fara tari."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki abin da zafi. Na ɗaure injin huda a kan benci da robar taya, na kafa ƙusa a ɗaya gefen ta tokare itacen, na tayar da janareto. Itace yana juyawa, ni ina goga masa magagari. Reshen darbejiya na fara gwadawa, ya fito sumul har na fara jin kaina. Sannan na ɗauko bakin da nake huda ƙarfe da shi, zan yi wa hanjin biro hanya, wato siririn bututun nan na tawada. Bakin ya shiga ta tsakiya da bismilla, ya yi tafiyarsa inda ya ga dama, ya ɓullo ta haƙarƙarin itacen, saura ƙiris ya gaisa da tafin hannuna. A nan na gane abu biyu: huda ake fara yi kafin sassaƙa, kuma bakin ƙarfe ba ya bin layi a cikin itace.

Dole na shiga birni neman bakin katako, dogo, mai tsini a tsakiya kamar ƙaya. Mu a wajenmu ba a ɗaukar abu a kai kasuwa. Injin yana gona yana aiki, sai a yanko kara ko igiya a auna abin da ya lalace, a tafi da awon. Haka na yi. Na shiga gonar shinkafa na zaɓo ɗanyen kara daidai kaurin hanjin biro, na soke a hula, na hau mota. Kafin in isa rana ta sha karan, ya yanƙwane ya rame. Mai shagon ya jujjuya shi ya ce, "Malam, allura za ka huda?" Na ce ya ba ni daidai da awona, ni na san aikina.

Na dawo na yi huda miƙaƙƙiya, gwanin sha'awa, hanjin biro ya ce ko kansa ba zai sa ba. Matata ta leƙo ta ji labari, ta ce, "Wai shi biron nauyi gare shi da ba a sa shi a aljihu?" 

Na koma da biron a aljihu. Wannan karon dogon bakin da ya rage a shagon ya ɗan fi hanjin kauri. Na saya haka nan. Duk wanda ya tashi a cikin 'yan ban-ruwa ya san babu ramin da robar taya ba ta cikewa.

Itacen kuwa ban sake yarda da ɗanye ba. Na shiga bayan rumbu na zaro tsohuwar ƙotar Baba ta marke, wadda ta karye a wuya, na yanko daidai wurin da hannunsa ya cinye. Taurin tsiya gare ta. Ina hudawa tana hayaƙi, sai na riƙa zaro bakin ina busa garin, ina sake turawa a hankali. Wajen sassaƙa kaɗan na rage, na fiƙe gaban kawai, na bi da samfefa, na shafe da man gyaɗa. Na naɗe hanjin da zaren roba na cusa, ya zauna daram.

Bayan la'asar na same shi a bakin gona yana jiran ruwa ya gama cika fangalin shuka. Ya karɓa ya jinjina.

"Wannan biro ne ko tabarya?"

Amma yatsun sun riga sun gane ƙotarsu, sun rufe a kanta. Ya jawo yagaggen kwali ya ɗora a gwiwa, ya sunkuya, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Ya daɗe yana fama. Ni ina tsaye ina jiran in ga sunansa, in je in ba amininsa labari da ƙari.

Ya miƙo mini kwalin, idonsa na kan ruwa. Sunana ne. Baƙaƙen manya, a karkace, irin na allon rumfata da yake wucewa kullum kamar bai gan shi ba. Na bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Hakan ake rubuta na yaron nan?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya soke biron a aljihun gaba, rigar ta rinjaya gefe guda. "To, in ka je gida ka hau rumbu ka sauko mini da littafina. Kuma kai makanike, ba ka jin injin can yana tari?"