Ƙadangaren Hajiyar Zahir

Shekarun baya, ban daɗe da zuwa Makka ba, ina aikin gyaran wuta a wani kamfani, muna cunkushe a ɗaki ɗaya da abokan aiki a unguwar Utaibiyya. Wata rana abokina, mutumin Maraɗi ne mai tuƙin mota, ya ce akwai wata dattijuwa a unguwar Zahir da ke neman mai wuta, kuma ta fi son mai jin Hausa.

Na je bayan La'asar. Hajiya haifaffiyar Makka ce, kakanninta ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Hausarta irin ta da ce, a cakuɗe da Larabci. Ta kai ni wani ɗaki ta nuna mini dogon akwatin gilashi. A ciki ga wani ƙaton ƙadangare mai faɗin kai, da ƙayoyi a haɓarsa kamar gemu, kwance a kan kututture, ido a lumshe.

"Na autana ne," in ji ta. "Ya tafi karatu waje ya bar mini amana. Ka cire fitilun nan biyu, ya waladi, ka sa masa 'yar fanka. A zafin Makka a kunna wa halitta wuta a ka? Ina tsoron Allah ya tambaye ni."

Ashe tun da yaron ya tafi ta kashe fitilun don tausayi. Ƙadangaren ya daina cin abinci, ita kuwa ta ɗauka har yanzu zafi ne ke damunsa.

Gaskiya dariya na danne. Ni da na baro Kano da sunan ƙwararre, ga ni zan ɗaura wa ƙadangare fanka. Kuma na yarda da maganarta sarai, har na kwance fitila ɗaya. Garin janye waya ne bayan hannuna ya taɓa jikin ƙadangaren, na ji shi sanyi ƙalau kamar an fito da shi daga firji. Sai a lokacin na lura kandishan ɗin ɗakin, wanda take kira mukayyif, kai tsaye yake busa akwatin.

Na ce, "Hajiya, ni wuta na sani, ban san ƙadangare ba. A kira mai shi kafin mu yi ɓarna."

Da farko ta ƙi. Ba ta gaya masa komai ba, tana gudun kada ta ɗaga masa hankali yana cikin jarrabawa. Daga baya ta ce bismillah, ta kira shi ta bidiyo. Da ya ga dabbar sai da ya dafe kai, amma bai yi wa uwarsa faɗa ba. Yana Larabci, tana fassara mini. Ya ce irin wannan ƙadangaren ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, in babu zafi ko abinci ba zai narke masa ba. Fitilun nan biyu, ɗaya ƙwai ne ɗaya doguwa: ƙwan na zafi ne, a gefe ɗaya ake rataye shi, a bar ɗaya gefen da sanyi don ya riƙa zaɓa. Doguwar kuwa irin hasken rana take bayarwa, mai ƙarfafa masa ƙashi, kuma bayan watanni ƙarfinta yana ƙarewa ko da tana ci. Tasa ta riga ta tsufa, ƙwan ma ya ce a sake shi.

Ni da son nuna basira na ce, "To ga rana nan kyauta, mu hau da akwatin saman bene mana."

Ya ce cikin karyayyar Hausarsa, "A'a, Yaya. Gilas zai dafa shi."

Ƙwan zafi ban sha wuyar samunsa ba. Doguwar ce na zaga shaguna ban samu ba, masu shago suna kallona idan na ce ta ƙadangare nake nema. Abokina ne ya sayo ta a Jidda da ya kai fasinja. Na ɗaura su, na matsar da akwatin daga bakin mukayyif, na sa ma'aunin zafi a kowane gefe, da ɗan agogon da ke kunna fitilun da safe ya kashe su bayan magariba.

Kwanaki ba wani canji. Kullum idan na tashi aiki sai na biya. Ran nan ina shiga na tarar ƙadangaren ya hau kututturensa ƙarƙashin fitila, ya miƙe wuya, Hajiya na miƙa masa ganye yana fizga. Tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Daga nan kusan kowace Juma'a sai ta kira: "Zo ka duba fitila." In je in tarar fitila lafiya lau, ga tuwo da miyar kuka an rufe mini. Na daɗe kafin in gane ba fitilar ake dubawa ba.

A shekara ta gaba mahaifiyata ta rasu a Kano. Kafin in gama jin labarin an kai ta makwancinta. Na zauna a ɗaki ban iya ko kuka ba, abokan ɗakina duk sun tafi aiki. Abokina ya gaya wa Hajiya, ta ce ya ɗauko ni ko ina so ko ba na so.

Na tarar ta shimfiɗa darduma a falo, ta aika wa maƙwabta. Hausawan unguwa, tsofaffi da matasa, waɗanda ban taɓa gani ba, suka riƙa shigowa suna ba ni hannu suna yi mini gaisuwa. Ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Wanda ya yi rashi ba ya zama shi kaɗai. Nan gidanku ne, a nan za a karɓi gaisuwar uwarka." A nan ne kukan ya zo.

Yanzu na dawo gida da daɗewa. Autan nata ne ya kira ni da kansa ranar da ita ma Allah ya yi mata rasuwa. Ban san da me zan biya matar nan ba, aikin da na yi mata bai wuce ɗaura fitila biyu ba. Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da na ɗaga hannu zan ce Allah ya jiƙan mahaifiyata, sai in ji bakina ya ce Allah ya jiƙansu.