Ranin da Na Zama Idon Kakana

Shekarar da gwiwata ta goce a filin ƙwallo, na dawo gida daga Kano da jaka ɗaya. Tun ina firamare ba ni da wani buri sai ƙwallo. Wata ƙaramar ƙungiya a birni ta ɗauke ni, har ana cewa zan yi nisa, sai ga wannan rauni. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, ƙafa ta warke har ina tafiya ba ɗingishi, amma gudu ya ƙare. A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ya hana kowa hutun rani. Da an idar da sallar asuba gari yake watsewa, masu alkama su nufi alkama, masu tumatir su nufi tumatir. Ni kuwa sai in koma katifa. In na tashi da hantsi in ɗumama tuwo, in ɗauki rediyo in zauna a zaure. Ba na zuwa kallon ƙwallo, ba na son a yi maganarta a gabana. Abokaina suka yi ta zarya har suka gaji. Innata takan leƙo ta dube ni, ta koma aikinta. Babana ya yi faɗa sau biyu, ya ga faɗan ba ya shiga, ya sa mini ido.

Kakana na wajen uba yana gidan, yanar ido ta fara rufe masa gani. Yana da 'yar gona a bakin ƙaramin kanal da ya hana kowa ya taɓa, ko 'ya'yansa. Tsakanina da shi sai tsokana, irin ta kaka da jika. Shi ya raɗa mini suna angon katifa. Wata safiya ya lalubo ƙofar ɗakina da sandarsa, ya ce wanda yake kai shi gona ya tafi Legas da motar tumatir.

“Tashi ka goya ni a keke,” in ji shi. “Ba aiki zan sa ka ba, na san amaryarka ba za ta yarda ba. Aron ido kawai nake so.”

Na tashi ina ƙunƙuni. Keken tsoho ne, birkinsa sai an haɗa da ƙafa. Ya hau baya ya riƙe rigata, muka bi gefen kanal, yana gaisawa da mutane tun kafin in gane su, don shi da murya yake sanin kowa.

Da muka isa ya zauna a gindin mangwaro ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na ce tumatir ne, kore. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai ko makaho ya san wannan. Wane irin kore? Ganyen a miƙe yake ko ya lanƙwashe? Ruwa ya kai fangalin ƙarshe? Dole na cire takalmi na shiga, na tsuguna ina ɗaga ganye ina ba shi labari daga nesa. Da na ce masa fangali biyu na can ƙarshe sun bushe, sai ya ce to Allah ya kyauta, mu tafi gida. Bai ce in gyara ba. Ni ne na kasa tafiya. Na ari fartanya a gonar maƙwabta na buɗe wa ruwan hanya, na tsaya ina kallon yadda busasshiyar ƙasa take shanye shi.

Haka muka riƙa yi kullum. A hanya yana ba ni labarin zamanin da ba kanal, lokacin da samari suke tafiya cirani da an gama girbi, gari ya rage daga tsofaffi sai mata. Shi ma ya yi dambe da ƙuruciya, har ranar da aka kayar da shi a Madobi a gaban yarinyar da yake nema. Na tambaye shi yadda ya yi da kunya.

“Na yi wata guda ban fita ba,” ya ce. “Da na fito na tarar kowa ya manta, sai ni. Yarinyar kuma ita ce kakarka.”

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai wayi gari ni nake buga masa ƙofa, yana cewa in bar tsoho ya sha kokonsa. Na koyi dashe, na koyi ban ruwa, na fara jin haushin tsutsa kamar ni ta ciza. Da tumatir ya nuna na tsinko na farko na sa masa a hannu. Ya murza, ya sunsuna, ya ce bai kai na bara ba, amma ya jefa shi a aljihu ya kai wa innata.

Bayan sallar layya aka kai shi asibiti a Kano aka yi masa aikin ido ɗaya, ya dawo yana gani tangaran. Na ɗauka aikina ya ƙare. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe haka na yi baƙi, sa'an nan ya ce rabin gonar nawa ne in ina so. Da rani ya zagayo na shuka albasa a nawa rabin, shi ya tsaya a kan tumatir ɗinsa, muna gardama a kan wanda zai fara shan ruwa. A keken kuwa bai daina hawa bayana ba. Ya ce an gyara masa ido, ba a gyara masa ƙafa ba.