Saniya Mace Ce

A Potiskum aka yanke wa Malam Dabo cibiya, amma in ka ji yadda yake cewa "mu Kanawa" sai ka rantse jiya ya sauko daga mota. Kakansa ne ya zo fataucin yadi ya zauna. Shi kuwa a ajiye shi a tsakiyar Kano, ɓata zai yi. Abu ɗaya ya gada daga can, Hausa, kuma da ita yake dukan mutane.

A laburare yake aiki, wani ɗaki cike da littattafan da gara ta fi kowa karanta su. Da can yana da ɗan dama-dama. Ɗalibi ya shigo, sai ya tashi ya lalubo masa littafi. Kwatsam sai ya gano wani shafi a intanet inda ake jefa tambaya, masu sani su amsa, a ba su maki da taurari. Tun daga ranar, duk wanda ya tako da ƙafarsa ya tashi daga mutum. Ka yi sallama, ya ɗaga maka hannu, idonsa na kan waya. Kira ba ya ɗauka, wai laburare wurin shiru ne. Matarsa Raudatu ma da ta tambaye shi maganin ƙwaron wake, cewa ya yi ta rubuta a shafin, makinsa ya ƙaru. Matar da suke ci a kwano ɗaya ke nan fa.

Amsoshin nasa kuwa, rabi duk gyara ne. A garin da wannan ya tashi da Ngizimanci, wancan da Bolanci, wani da Karai-Karai, kowa ya tsinci Hausarsa a kasuwa yana lallaɓawa, shi Malam ya naɗa kansa alƙalin "ya" da "ta". Mutum ya zo da damuwarsa, a sallame shi da nahawu.

Duk abin da Malam Dabo ya tara a rayuwarsa saniya ce guda, mai ciki, wadda yake cewa ita za ta riƙe shi in ya yi ritaya. Tana kiwo a ƙauyen Danchuwa, wurin wani manomi, Joda. Ya kuma ja wa Joda kunne cewa ko me ya faru, kada wuƙa ta taɓa ta sai da izininsa.

Bayan girbi saniyar ta ɓalle ta afka wa gyauron dawa, ɗanyen tohon nan da ke kashe dabba. Cikinta ya kumbura, ta zube. Joda ya ɗura mata abin da ya sani, ba ta tashi ba. Mahauci na tsaye da wuƙa, don in ta mutu ba yanka ta zama mushe, ko tsoka ɗaya ba za ta ciwu ba. Joda ya yi ta kiran Malam har waya ta yi zafi. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tuna Malam kan ce mai nemansa ya same shi a shafi. An taɓa buɗe wa Joda shafin da sunan "Manomi", don haka ya rubuta: "Malam saniyan ya ci gyauro ya kwanta. A yanka shi ko a bari?"

A zatonsa Malam na gani zai gane. Malam kuwa bai ga saniya ba, bai ga gyauro ba, kuskure kawai ya gani, har da gyara zama. Ya rubuta doguwar amsa cewa saniya mace ce, in kuma namiji ake nufi to sa ake cewa, mai tambaya ya fara tantance wanne ne. Joda ya mayar: "Saniya ne." Malam ya ce "ce" ake cewa, ya kawo misalai da akuya da tunkiya. Wata baiwar Allah ta shigo ta ce a bar surutu a nemo likitan dabbobi, Malam ya gyara mata waƙafi. Littafin cututtukan dabbobi na bayansa a kan kanta, ko waiwaya bai yi ba. Aka danna masa tauraro, ya yi murmushi.

Ana kiran la'asar Joda ya shigo laburaren, ƙafa duk taɓo, da igiyar saniyar a hannu. Ya yi sallama, aka ɗaga masa hannu. Sai ya ajiye igiyar a kan tebur.

"Malam, saniyanka ya mutu."

"Ta mutu," in ji Malam Dabo, idonsa na kan waya.

Sai da maganar ta fita sannan kunnensa ya ji ta. Ya ɗago, ya dubi igiyar, ya dubi Joda. Ya tambaya ko an samu an yanka.

"Na tambaye ka, Malam. Ka ce in gyara Hausa." Joda ya saɓa rawaninsa a kafaɗa. "To, ta mutu. Mushe ce. Yanzu na faɗa daidai?"