Tunda Merv Yana Nan

A Mirrabool, ɗan garinmu na manoma da makiyaya, in doki ya karye, ko tsohon kare ya daina cin abinci, ko saniya ta kwanta wajen haihuwa ta kasa tashi, ba likitan dabbobi ake fara kira ba. Likita yana can nesa, kafin ya iso rana ta juya, ga kuɗinsa mai sa mutum neman kujera. Merv Tulloch ake kira. Zai zo a tsohuwar akori-kurarsa, ya sauko a hankali, ya dubi dabbar, ya dubi mai ita, sannan ya ce, "Shiga gida ka ɗora shayi, ka ƙaro muryar rediyo." Kafin ruwan ya tafasa an ji ƙarar bindiga daga bayan rumfa, sau ɗaya tak. Daga nan sai ya shigo ya wanke hannu, ya sha shayin, a taɓa hirar ruwan sama da farashin ulu, ba mai ambatar abin da ya kawo shi.

Ya haura shekara arba'in yana wannan aiki, kuma ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Ubansa maharbin zomaye ne, a hannunsa ya koyi saiti tun bai kai tsayin bindigar ba. Da ya girma ya yi askin tumaki, ya yi aikin kafa shinge, har ya samu 'yar gonarsa a bakin rafi, ya auri Glenys mai koyarwa a firamare. Wata rana maƙwabci ya roƙe shi ya taimaka masa da goɗiyarsa da ta karye, don shi ya kasa. Merv ya yi, aka ji labari, shi ke nan. Shekarar da gobarar daji ta cinye rabin kwarin nan, shi da wasu mutum biyu suka yi kwana da kwanaki suna bin gonaki, suna raba ƙonannun tumaki da wahala. Waɗancan biyun sun daɗe a maƙabarta, saura shi.

Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Wani ya ajiye masa kwalin giya a bayan mota, wani cinyar rago, wata ta aiko wa Glenys da kek. A bakin kowa Merv mutum ne, kuma gaskiya ne. Sai dai mu mutanen nan mun iya son mutum, amma sonmu nauyi gare shi. Duk lokacin da gwamnatin jiha ta ƙara tsaurara dokar bindiga, a ce sai akwatin ƙarfe a kafe jikin bango, a ce ɗan sanda zai zo dubawa, a ce an ƙara kuɗin lasisi, sai ka ji wani ya miƙa wa hukuma tasa ya huta. In ka tambaye shi, amsar ɗaya ce: "Me zan yi da ita, tunda Merv yana nan?" Waɗanda ma suka riƙe nasu don harbin dila, in abin ya zo kan karen da ya yi musu shekara goma yana kiwo, sai hannunsu ya mutu, su ɗauki waya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne hannun Merv na dama ya fara rawa. Da fari kaɗan-kaɗan ne, wajen sa maɓallin riga ko ɗaure igiyar takalmi. A sanyin bara aka kira shi kan wani tsohon doki da yaran gidan suka tashi a bayansa. Ya tura mutanen gida ciki kamar kullum, ya shafa wuyan dokin, ya ɗaga bindiga, sai bakinta ya goce. Abin da ya gani tsakanin harbin farko da na biyu bai gaya wa kowa ba, kuma rediyo ya rufa masa asiri. Ya shiga ya sha shayi, ya koma gida, ya daɗe zaune cikin mota bai fito ba. Tun daga ranar, in waya ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma yana tsoron ranar da zai sake gocewa a gaban mai dabba.

Glenys ba ta buƙatar a gaya mata. Ta ji yadda kofi ke kaɗawa a kan faranti.

"Ka je ka ga likita, tsoho," in ji ta.

"In je in ce masa me? Tsufa ne, ba shi da ƙwaya."

"To ka faɗa wa mutane ka daina."

"In ce musu me? Hannuna na rawa? Gobe a mashaya kowa ya riƙa buɗe min ƙofa kamar majinyaci?"

"Ai gara a buɗe maka ƙofa da ka riƙa tashi cikin dare kana zufa."

Mazan garin nan sun fi yarda a gan su tsirara da a ji su suna cewa sun kasa.

Ana haka sai gwamnati ta ba da sanarwar za ta ninka kuɗin sabunta lasisi, ga zaɓen jiha ya matso, ga lasisin Merv zai ƙare jim kaɗan bayan zaɓen. Ko'ina cikin karkara aka ɗauki zafi. Shi kuwa Merv, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ranar Juma'a da yamma ya shiga mashayar Dougie, ya jira aka cika, sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"Ni kam na gama. Ba zan sabunta ba. Kuɗin fansho ne zai ciyar da ni ko zai ciyar da gwamnati?"

Dougie mai mashayar ya ajiye kofin da yake gogewa. "Kai, mutumina, da gaske kake?"

"Ka taɓa jin na yi wasa da kuɗi?"

Aka yi ta zagin gwamnati, Merv yana gyaɗa kai, a ransa kuwa godiya yake mata. A makon nan ya ci abinci har da ƙari. Glenys ta fara maganar in an miƙa bindigar su tafi bakin teku wajen ƙanwarta su yi wata guda, inda ba wanda ya san lambar wayarsu.

Maganar mashaya ba ta kwana a mashaya. Ta kai kunnen Warwick Dunstall, dillalin taraktoci da ya fito takara ba tare da jam'iyya ba, wanda duk kamfen ɗinsa a kan kuɗin lasisin nan ya tsaya. Abin nema ya samu. Ya zo gonar Merv da sabuwar malafa da mai ɗaukar hoto a bayansa. In za a faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne, kawai dai irin mutanen nan ne da ke tambayarka lafiya suna kallon bayanka.

"Dattijo," ya ce, yana girgiza masa hannu da hannu biyu, "abin da suka yi maka abin kunya ne. Mutum kamarka, a ce kuɗi ya raba shi da bindigarsa? Suna zaune a birni, ba su taɓa ganin tunkiya ba sai a faranti."

"Ni dai na ce ba zan sabunta ba," in ji Merv.

"Shi ne ai! 'Yancinka ne suke ƙwacewa."

"Ban ce an ƙwace min komai ba."

"Ba sai ka faɗa ba, mu za mu faɗa maka. Ɗan matso jikin shingen nan, haske ya fi kyau."

Merv ya matsa. Ya ga zaɓe da yawa a rayuwarsa, kuma kowane da irin wannan baƙon. Wasu su zo su ce za su kare masa bindiga, wasu su ce za su kare jama'a daga bindiga, duk su ci kek ɗin Glenys su tafi. 'Yar majalisar da ke kan kujera ma ta yi magana a rediyo, ta ce da kuɗin ake biyan masu duba rajistar bindigogi, kuma Merv bai ga ƙarya a maganarta ba. Amma a cikinsu kaf ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake yi da bindigar, balle yadda yake kwana bayan ya yi.

Kafin mako ya zagayo fuskarsa ta hau kowane turken lantarki daga gada har makaranta, an rubuta a ƙasa wai kada a bari su kwance wa Merv ɗamara. Glenys ta tsaya gaban ɗaya ta daɗe tana kallo. "Ko aski ba su bari ka yi ba," ta ce.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin zaɓe aka yi taro a zauren gari bayan an taso daga coci. Mata suka jera faranta, aka dafa shayi a babbar tukunya, aka zaunar da Merv a layin gaba, wurin da bai taɓa zama ba ko a ranar aurensa. Warwick ya yi jawabi mai tsawo. Ya yi maganar kakanni da suka sare daji, ya yi maganar mutanen birni, ya yi alkawarin in ya shiga majalisa sai ya ga bayan ƙarin nan. Merv bai damu ba, don ya san ko Warwick ya ci, kafin majalisa ta motsa lasisinsa ya daɗe da mutuwa.

Sai Dougie ya tashi, ya nufo gaba riƙe da malafa a kife a ƙirjinsa, yana murmushin wanda ya ɓoye abu ya gaji da ɓoyewa.

"Ni ban iya jawabi ba," ya ce. "Amma mun ce ba za mu zauna jiran 'yan siyasa ba, ka yi haƙuri Warwick. Mun zaga da hula. Merv, ga kuɗin lasisinka na shekara biyar cif, har da na man mota. Ba gidan da bai sa hannu ba."

Zauren ya ɗauki tafi, wasu har da fito. Aka ɗora masa malafar a cinya. Merv ya duba ciki, ya ga sababbin takardun kuɗi na masu manyan gonaki, ya ga tsofaffi da suka sha ninki, har da tsaba. Ya san irin gidajen da tsabar ta fito. Ya ji Glenys ta ja dogon numfashi a gefensa.

"Jawabi! Jawabi!" aka yi ta kira.

Ya miƙe. Wannan ce damarsa, kuma ya san ita ce. Maganar tana bakinsa, gajeriya ce, ba ta fi a faɗa a numfashi ɗaya ba.

"Jama'a," ya ce, "na gode. Amma ku duba, ni fa na tsufa."

"Tsufan me?" wani ya yi ihu daga baya. "Kai za ka binne mu duka!"

Aka kwashe da dariya. Merv ya jira ta lafa. Ya dubi fuskokin, kusan kowace ya taɓa tura mai ita cikin gida, ya tsaya shi kaɗai a bayan rumfa don ita. Yau su ne suke ganin sun samu hanyar rama alheri, sai walwala suke kamar yara. Ya rasa ta inda zai fara ɓata musu.

"To," ya ce. "Na gode ƙwarai."

Ya zauna. Warwick ya zo ya dafa kafaɗarsa aka ɗauki hoto.

Wajen shan shayi Glenys ta matso kusa da kunnensa. "Ka mayar musu, Merv. Tun yanzu. Wanda ya ci ladan kuturu, ka san sauran."

"In mayar wa wa? Ki duba su."

"Ni kai nake dubawa."

Sai ga Noelene Pratt ta iso, matar marigayi abokinsa da suka yi aikin gobara tare. Ta tsufa, ta rame, tana riƙe da jakarta da hannu biyu. Ta ce ta ji daɗi ƙwarai da aka warware maganar, don ta kwana biyu tana son kiransa, sai ta ji ya ce ya daina, ta ji nauyi.

"Karen maigidan ne," ta ce. "Ƙafafun baya sun tafi, da ƙyar nake ɗaga shi ya yi fitsari. 'Yata ta ce a kai shi asibiti a yi masa allura, amma yana tsoron mota, rawar jiki yake tun daga ƙofa. Ba na son ya tafi a tsorace, Merv. Kai ya san ka. Kuma kai sau ɗaya kake yi, ba ya ma sanin an yi."

Merv ya sauke kofinsa a kan tebur a hankali, ya sa hannun dama a aljihu. Glenys ta kawar da kai.

"Ba ya cin komai?" ya tambaya.

"Ɗan madara kawai."

"To ki ba shi duk abin da yake so, Noelene. Zan zo ranar Asabar, in na fito daga rumfar zaɓe."