Tukunyar da Kawuna Ya Tsufar

Duk sa'ad da miya ta kama a gindin tukunya, ƙauri ya tashi, kawuna nake tunawa, kuma ba don kewa ba.

Ƙanen mahaifiyata ne. A gidanmu na Gure kowa da abin yinsa, shi kuwa sana'arsa guge riga da zaman inuwar bishiyar bedi, yana gyara wa masu wucewa zance. Ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba.

Ina aji huɗu a lakwal, makarantar boko, bayan an kai gero rumbu, wasu masu bincike suka iso daga Yamai da mota kat-kat. Kufai suke nema, inda mutanen dā suka zauna, suna tsintar gawayi da ƙashi da tsingaron tukwane. Suka ce suna son jagora.

A makon nan tukunyar miyar kakata ta ɓace. Baƙa ce wuluk, mai shatar yatsa uku a baki, uwarta ce ta gina ta. Ba ta yarda a kankare cikinta da ƙarfi, wai a nan daɗin yake. Ni ke kai tukwane wanki, don haka mahaifiyata ta ce na fasa na ɓoye, ta zane ni har bayana ya tashi. Kawuna na zaune yana kai loma. Har da cewa a yi mini a hankali, ƙuruciya ce.

Kwana uku bayan haka ya kai baƙin wata jigawa a hanyar Gidigir. Suka tona, sai ga tsingaro da baƙin ƙanzo manne a jiki. Nan take ya zama jagora. Wata guda yana gaban mota, gwiwar hannu a taga, ko sallamar tsaransa ba ya amsawa.

Mushenmu, wani malami da aka turo daga Tawa, shi ke yi wa baƙin tafinta. Ya gaya mana a aji cewa duk mai rai, itace ko dabba, yana ɗibar wani irin sinadari, karbon, muddin yana raye. Ran da ya mutu ɗiba ta tsaya, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa sannu a hankali, da tafiyar da ba ta sauri ba ta nawa. Sai a auna saura, a san daɗewar abu. Ƙanzon nan, in ji shi, za su kai ɗakin bincike a ƙasar waje.

Sai da damina ta wuce takarda ta zo hannun mushe. Kawuna da kansa ya tara mutane a ƙofar gida, ya raba goro, don a ji shekaru dubu nawa ya tono. Mushe ya karanta, ya yi gyaran murya, ya sake karantawa. Sannan ya ce gawayin sauran wuraren ya kai dubban shekaru, amma ƙanzon jigawar kawu na zamanin nan ne, na jiya-jiya.

Akwai hoton tsingaron a cikin takardar, ga shatar yatsa uku a bakinsa. Ya bi hannu-hannu har ya shiga cikin gida. Can sai ga kakata a bakin zaure, wadda ba ta fita gaban maza.

"Malam, ka ce musu sun wahalar da kansu," in ji ta. "Da ni suka tambaya. Kuka ce da daddawa, ran Laraba na dafa ta."

Ta dubi ɗanta, ta koma ciki.

Mahaifiyata ba ta iya ba yaro haƙuri da baki ba. Sai ta ƙara mini nono a fura har kwana bakwai. Kawuna kuwa cewa ya yi na'urar Turawa ta lalace.

Yanzu ya tsufa, gidan ya zama na siminti, tukwane duk na dalma. Kwanaki jikokinsa suka nuna masa a salula yadda masana ke duba hasken taurari masu nisa da saurin da suke nisantar juna, su lissafa cewa sammai sun yi shekaru biliyoyi. Ya kwashe da dariya.

"Wa ya ci goron sunan duniya, da zai san shekarunta?"

Yaran suka taya shi, don ba su san komai ba. Nakan durƙusa in gaishe shi, ƙanen uwa ne. Amma ko azahar ya ce mini ta yi, sai na fita na dubi inuwa.